An Hukunta Ɓarawo, Ina Riɗin Mai Gona?

'Yan'uwa manoma, ga wani abu da muke gani kowace kaka daga Dutse har Kiyawa da Jahun. Mutum ya yanke riɗinsa ya jingine, ɓarawo ya zo da dare ya kakkaɓe. Ko kuwa shanu su faɗa wa wake kafin a roro. A kama mai laifi, a kai shi kotu, a ci shi tara. Tara ta shiga baitulmalin gwamnati. Mai gona kuwa ya koma gida hannu wofi, ga kuɗin mota da ya ɓatar, ga bashin taki yana jiransa. Haka ma makiyayin da aka sace wa saniya.

Alhali kuwa doka ba ta manta da shi ba. Tun 1960 sashe na 78 na dokar Final Kod ya ba alƙali ikon sa mai laifi ya biya wanda ya cuta diyya, ko tare da hukunci ko a maimakonsa. Dokar shari'ar laifuffuka ta Tarayya ta 2015 ta sake ƙarfafa wannan.

To, ina gizo yake saƙar? Doka ta ce alƙali yana iya, ba ta ce tilas ba. Kuma a shari'ar laifi, wanda aka cuta shaida ne kawai. Mai gabatar da ƙara ne ke magana, in bai roƙi diyya ba, sau da yawa maganar ta wuce ke nan.

A ganinmu, ya kamata Majalisar Dokokin Jihar Jigawa ta gyara wannan: a tilasta sanar da wanda aka cuta ranar shari'a, a saurare shi, alƙalin da bai ba da diyya ba ya rubuta dalilinsa, wadda aka yanke kuma kotu ta bi ta har a biya.

Kafin nan, ƙungiyoyinmu suna da aiki. In ɓarna ta auku, kada a ɗauki doka a hannu. A kira mai unguwa da malamin gona su gani tun sawu bai ɓace ba. Magatakarda ya rubuta kwanan wata, da yawan buhu ko dami, da kuɗinsu a kasuwar Shuwarin. Mutum biyu su raka ɗan'uwanmu kotu, su tuna wa mai gabatar da ƙara zancen diyya tun ba a yanke hukunci ba.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu tattauna wannan a taronmu na wata.