Sirrin Fim: Ashe ba motar Bond aka ƙona ba!

Duk wanda ya kalli Skyfall, fim ɗin James Bond na 2012, ya ga yadda aka yi raga-raga da tsohuwar motarsa, Aston Martin DB5. To, ba ita ba ce! Kamfanin voxeljet na Jamus ne ya buga sassan ƙananan kwafinta guda uku da na'urar 3D, kowanne kashi ɗaya bisa uku na girman ta gaske.

Yau ta intanet ma ana wannan ciniki. Mutum ya zana siffa a kwamfuta ya tura, na'ura ta riƙa shimfiɗa roba hawa-hawa har abu ya tashi, a aiko masa.

Ke nan furodusa a Dutse zai iya yin odar ɗan ƙaramin gidan sarauta, ya girke shi tsakanin duwatsun garin, ya rushe shi a gaban kyamara. Amma fa biya da dala ne, kuma siririn abu irin zanko yana iya karyewa kafin ya iso Jigawa.

Masoyan da ke kwaɗayin 'yar siffar jarumarsu kuwa, sai sun fara jin ta bakin malamai kan mutum-mutumi, sannan ta bakin ita jarumar.