Kalmar "See" da Tarkon da Take Ɗana wa Ɗalibi

Ina aji ɗaya na sakandare malamin Turanci ya raba mana littattafan aikinmu. Na buɗe nawa, na tarar ya rubuta kalmomi biyu da jan biro a ƙasan shafi: "See me". Na ɗaga kai na dube shi yana tsaye gaban allo, na gan shi sarai, na rufe littafina. A zatona na cika umarni. Bayan kwana biyu ya sa aka kira ni ofis, ya tambaye ni dalilin da ya sa na raina kiransa. Da na faɗi gaskiyata, dariya ce ta hana shi yi mini bulalar da ya tanada.

Abin da ke ba ni mamaki har yau shi ne, ma'anar da ta shige mini duhu a ranar tana nan cikin harshen da na sha a nono. Idan mahaifina ya ce, "Ka zo ina son ganinka," ban taɓa ɗauka kallona yake son yi ba. Marar lafiya kan je ganin likita, talaka kan nemi iso don ganin hakimi. Laifin na irin karatun da aka yi mana ne, inda ake jera kalmomin Turanci a hagu, na Hausa a dama, kowace kalma da ma'anarta guda tak. Yaro ya haddace cewa "see" gani ne da ido, shi ke nan an rufe ƙofa.

Kalmar tsohuwa ce. A Turancin dā "seon" ake cewa, kuma 'yar'uwarta ce ake ji a Jamusanci, "sehen". Shi ya sa ba ta bin ƙa'idar ƙara "ed" a ƙarshe: "see", "saw", "seen". Wanda ya rubuta "I have saw" ya yi asarar maki a banza.

A wurare da yawa Hausa jagora ce mai kyau, in da ɗalibai za su amince da ita. Bambancin "see", "look" da "watch", wanda ake ɓata darasi guda ana bayaninsa, shi ne bambancin gani, dubawa da kallo. Gani kan zo ba da niyya ba, dubawa sai an nufa, kallo kuwa sai an zauna an zuba ido. Wanda ya san ma'anar "na duba amma ban gani ba" ya riga ya san ma'anar "I looked but I did not see". Haka nan idan Bature ya gyaɗa kai ya ce "I see", cewa yake yi ya gane, kuma kunne kaɗai ya isa ya shaida cewa gane da gani 'yan gida ɗaya ne. "As I see it" shi ne "a ganina". "We shall see" kuwa shi ne "ma gani", har da ɗan ƙamshin barazanar da ke cikinsa.

Tarkon yana inda harsunan biyu suka raba hanya. Bahaushe kan ce "ina ganinka", sai ɗalibi ya ɗauko wannan siga ta ci gaba ya ce "I am seeing you". Turanci ba ya son haka idan ganin ido ake nufi. "I can see you" ake cewa. Da zarar an ƙara "ing", ma'ana ta tashi daga ido ta koma ganawa. "I am seeing the doctor tomorrow" na nufin an tsayar da lokaci da likita. Idan kuwa aka ce saurayi "is seeing" wata yarinya, to soyayya suke yi. Saboda haka wanda ya hango 'yar wani a bakin titi, ya buga wa uban waya ya ce "I am seeing your daughter", ya kai kansa ƙara bai sani ba.

Sai kuma ƙananan kalmomin da ke maƙale mata, irin waɗanda masu tsara tambayoyin WAEC da NECO ke jin daɗin gwada ɗalibai da su. "See off" raka matafiyi ne zuwa tasha. "See to" kula da abu ne har a tabbatar an yi shi. Wadda ta fi ruɗarwa ita ce "through": idan ka "see through" mutum, ka gano yaudararsa, idan ka "see" aiki "through", ka jure ka kai shi ƙarshe. Kalmomin ba su canza ba, wurin zamansu kawai ya canza.

Ina da ƙorafi kuma a kan 'yan'uwana masu fassara labarai. Turanci ya yarda shekara ko wasa su "gani", kamar a ce "1960 saw Nigeria's independence". Yanzu sai ka ji an ce shekarar 1960 ta ga samun 'yancin Najeriya, ko wasan ya ga ƙwallaye uku. Da wane ido? A Hausa cewa ake yi a shekarar 1960 Najeriya ta sami 'yanci, an ci ƙwallo uku a wasan. Ga kuma "Holy See", wato fadar Paparoma. Wannan "see" ɗin ba ta haɗa komai da gani ba, daga Latin ta fito, "sedes", ma'ana kujera.

Akwai wata ma'ana da ban koya a aji ba. Shekarun baya na je wani ofis neman sa hannu a takarda. Ma'aikacin ya jujjuya fayil ɗina, ya rage murya, ya ce, "You have to see me first." Wannan karon na fahimci Turancin sarai: na goro yake nema. Sai na yi abin da na yi ina aji ɗaya. Na ɗaga kai na dube shi, na gan shi, na yi masa sallama na fita. Takardar ta yi wata biyu kafin ta fito.