Kada Mu Sayi Biri A Sama

Maganar da ta cika kara a 'yan kwanakin nan ita ce ta samarin nan da suka zo da takardu, suna cewa za su kafa ƙaramin kamfani na yin iskar girki daga kashin shanu, suna kuma neman ƙungiyarmu ta zuba kuɗin asusu ta sayi hannun jari. Wasu cikinmu har sun fara lissafin riba. To, kafin ranar taro ga namu ra'ayin, kowa ya auna.

Da farko, abin ba tatsuniya ba ne. Ana dama ɗanyen kashi da ruwa a rufe a rami, ya ruɓe ya ba da iska mai kama wuta, sauran kuma ya zama taki. A Ashaiman, garin da muke kai shanu kasuwar Tulaku, kamfanin Safisana ya kafa wurin da ke mayar da shara da ƙazanta wutar lantarki. Amma abu ya yiwu daban, ya kawo riba kuma daban. Ramin nan kullum sai an ciyar da shi da kashi sabo da ruwa mai yawa. Mu da ke Sagnarigu mun san yadda ruwa ke zama a Tamale da rani, mun kuma san lokacin ne shanu ke nisa neman ciyawa. Wa zai kwaso kashin, da motar wa, da man wa?

Na biyu, ba yau aka fara kawo mana labarin mai daga gona ba. A ƙarshen 2007 kamfanin BioFuel Africa na mutanen Norwe ya shiga Alipe, wajen Kusawgu, ya fara share daji har da itatuwan kaɗanya don shuka bini-da-zugu, wai za a matse man dizal. Aka yi rigima, suka koma Kpachaa ta wajen Yendi. A Yulin 2008 gangar ɗanyen mai ta kai dala 147, kafin shekarar ta ƙare ta faɗo ƙasa da dala 40. Masu ba da kuɗi suka janye, a 2009 uwar kamfanin ta karye, aka sallami ma'aikata. A Agogo kuma ScanFuel ta bar bini-da-zugu ta koma noman masara, har ta sake suna ta zama ScanFarm. An ce itacen zai yi 'ya'ya ko a fako, ashe shi ma yana son ƙasa mai kyau da ruwa, tunkuzarsa kuwa guba ce, ba a ba dabba. Waɗannan Turawa ne masu injiniyoyi da bankuna a bayansu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai sai ka shafa wa naka ruwa.

Na uku, akwai maganar addini. Mun koya tun muna almajirai cewa ƙiradi halal ne, wato wani ya kawo dukiya wani ya kawo aiki, a raba riba bisa kason da aka yi yarjejeniya, in an faɗi kuma mai dukiya ya ɗauki hasara. Amma duk wanda ya ce maka ka kawo kaza, kowane wata za ka karɓi kaza tabbas, uwar kuɗinka kuma ba za ta taɓu ba, to wannan ba ƙiradi ba ne, ƙofar riba ce ta haram. Irin wannan zaƙin baki ne ya cinye dukiyar jama'a a DKM a 2015 da Menzgold a 2018.

Bugu da ƙari, jarinmu mai yawo ne. Sa da muka saya a Gushegu ko Buipe, cikin mako guda ya zama kuɗi a Kumasi. Hannun jarin ƙaramin kamfani kuwa ba shi da kara, ba dillali, ba ranar kasuwa. In mota ta faɗi da shanu, wa zai saye takardar nan a hannunmu? Mu tuna a Disambar 2022 tsadar kaya a Ghana ta haura kashi 50 cikin 100. Wanda ya riƙe shanu ya tsira, wanda ya riƙe takarda ya sha wuya.

Saboda haka shawararmu ita ce, kada a taɓa kuɗin asusu. Wannan kuɗi na ranar jaje ne, na marayun 'yan'uwanmu da wanda ɓarayi suka kore wa garke, amana ce ba ta caca ba. Wanda ya ga yana so da aljihunsa, ya sa abin da in ya ɓata ba zai hana shi zuwa kasuwa ba, bayan ya ga rajistar kamfanin, ya ga takardar fili da izinin hukumar kare muhalli, ya ga ramin yana ci da idonsa, ya kuma san wa zai sayi iskar da nawa. Gani ya kori ji.

Samarin nan kuwa kada a kore su, 'ya'yanmu ne. In da gaske suke, ga kashi nan jibge a kara da mayanka. Mu sayar musu, kuɗi hannu, mota mota. In bayan damina biyu da rani biyu wutarsu na ci, su dawo da littafin lissafi mu sake zama.

Ba mu taɓa sayen sa ba tare da duba haƙoransa ba. Allah ya sa albarka a kasuwa, ya kare mu daga kwaɗayi. Wassalam.

Daga wani ɗan ƙungiya, Sagnarigu.