Mu Leƙa Rumbunmu

Kaka ta yi a Gafasa, can ƙasar Ajingi kusa da Gaya. An yanke gero da dawa, an ɗaure dammuna, an zuba a rumbu. Amma manomi mai hankali ba ya rufe rumbu ya manta da shi. Yakan hau ya leƙa, ya ga ko gara ta shiga, ko ɓera ya yi ɓarna, ya kuma lissafta ko abin da ya rage zai kai iyali har sabon gero ya nuna.

Dattawanmu ba su manta da farin 1973 ba, ko cutar da ta lalata gyaɗa a 1975. Sun koya mana cewa wanda ya san abin da ke rumbunsa tun da rani, shi ke rage awo da wuri. Wanda bai leƙa ba kuwa, sai tsakiyar damina ya sa hannu ya taɓo ƙasa.

To, zuciyar mutum ma rumbu ce, amma ba safai muke leƙa ta ba. Mun san matar maƙwabci mafaɗaciya ce, mun san ɗan wane ba ya gaisuwa. Namu halin fa? Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Ga shawararmu. Bayan tuwon dare, a kashe rediyo, a ajiye waya, kowa ya zauna shiru kaɗan ya tambayi kansa: Wa na ɓata wa rai yau? Wane alkawari na ɗauka ban cika ba? Kuɗin waken da na sayar, ina suka shiga? Maigida ya tuna da tsawar da ya daka wa uwargida a gaban yara. Uwargida ta tuna da maganar da ta kai bakin rijiya. In mun iske alheri kuma, mu gode wa Allah, mu ƙara.

Sa'an nan gari na wayewa mu gyara. "Uwargida, ki yi haƙuri, jiya ban kyauta ba." Wannan ba ya rage girman maigida, yara kuwa suna ji, suna koyo.

Gara ba ta cinye rumbu rana ɗaya, haka aure da zumunci ba su lalacewa rana ɗaya. Mu leƙa tun yau da dare.

Sai wata mai zuwa.