Noman sifirulina a Diffa: a fara da kanwa da rana kafin bututun gilashi

Tun daga ranar 6 ga Fabrairun 2015, lokacin da mayaƙan Boko Haram suka kai hari garuruwan Bosso da Diffa, tattalin arzikin kwarin Komadugu bai koma yadda yake ba. Dokar ta-ɓaci ta zo da haramta cinikin tattasai da na kifi, ginshiƙai biyu da suka riƙe gidajen Manga. An ɗage haramcin tattasai a 2017, na kifi kuma a 2019, amma ambaliyar kogin a 2019 da 2022 ta sake cinye gonaki. Jihar da abincinta ya rataya a bakin kogi ɗaya, wanda kuma shi ne iyaka da Najeriya, tana buƙatar ƙarin sana'ar da za a iya yi nesa da gaɓa. Noman sifirulina na cikin abubuwan da suka cancanci a duba, muddin an bi hanyar da ta dace da aljihun jama'a.

Sifirulina wata irin gansakuka ce ƙarama, koriya mai shuɗi-shuɗi, da ke rayuwa a ruwa mai kanwa da ɗumi. Idan aka busar da ita, fiye da rabin nauyinta sinadarin gina jiki ne, tana kuma ɗauke da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Ba baƙuwa ba ce a yankin Tafkin Chadi. Matan Kanembu na Kanem, a ƙasar Chadi, sun gaji kwasar ta daga tafkunan kanwa, su zuba a ramukan yashi ta tsane, su yanka ta gutsure-gutsure. Suna kiran ta dihe, suna kuma sa ta a miyar tuwon gero. Masanin Faransa Pierre Dangeard ya yi rubutu a kanta a 1940, sannan Jean Léonard ɗan Beljiyam ya ci karo da ita a kasuwar Fort-Lamy, wato N'Djamena ta yau, a tsakiyar shekarun 1960. Wani bincike da aka buga a 2000 ya ƙiyasta cewa tafkin Kossorom kaɗai na ba da kusan tan 40 a shekara.

Abin da matan Kanem ke sayarwa a kasuwar ƙauye ya zama babbar masana'anta a duniya. Kamfanin Earthrise a Kalifoniya da Cyanotech a Hawai suna noma ta a manyan tafkunan da aka gina, China kuma ce kan gaba wajen yawan abin da ake samarwa. Ana sayar da ita gari da ƙwayoyi, ana sa ta a abincin kifi da kaji, kuma a 2013 hukumar abinci ta Amurka ta amince da shuɗin launin da ake tatsa daga gare ta don rina alewa.

Hanya biyu ake bi wajen noman irin waɗannan gansakuka. Ta farko ita ce buɗaɗɗen tafki mara zurfi, inda ake motsa ruwa don kowane ɓangare ya sami rana. Ta biyu ita ce rufaffun bututu na gilashi ko roba, inda famfo ke zagaya da ruwan, na'urori kuma na lura da zafi da iska. A garin Klötze na Jamus akwai masana'antar da aka buɗe a 2000 mai bututun gilashi na tsawon kilomita 500, tana noman wata gansakuka mai suna kulorela. Bututu na ba da kaya mai tsabta, yana hana ƙura da ƙwari, yana kuma rage asarar ruwa. Hotonsa na da ɗaukar ido, shi ya sa yake saurin shiga takardun neman tallafi.

Sai dai Diffa ba Jamus ba ce. Bututu na buƙatar wutar lantarki dare da rana, kuma a zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni kan haura digiri 40, rufaffen gilashi zai dafa abin da ke cikinsa in ba a sanyaya shi ba. Idan famfo ya lalace, Yamai na da nisan fiye da kilomita 1,300, ballantana ƙasar da aka ƙera shi. Ko masu kuɗi ma sun ƙona hannu a wannan fage: kamfanin mai na ExxonMobil ya kashe sama da dala miliyan 350 tun daga 2009 wajen neman man fetur daga gansakuka, daga bisani ya janye. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Abin da sifirulina ke so, jihar na da shi. Akwai rana kusan duk shekara, akwai kanwa a kwaruruwan Maine Soroa da Gudumariya, inda jama'a suka daɗe suna haƙa ta. Yawan kanwar da take jurewa shi ne ke hana mafi yawan sauran halittu rayuwa tare da ita, dalilin da ya sa take yin kyau a buɗaɗɗen tafki. Tafkin siminti ko na leda mai zurfin kamu ɗaya, da ƙyalle mai laushi na tacewa, da rumfar busarwa, da ƙaramin faifan sola na juya ruwa, sun isa a fara. Haka gonar Nayalgué da ke Koudougou a Burkina Faso ta yi shekaru tana aiki.

Wannan hanya ma tana da ƙalubalenta, kuma a nan ne hukuma ke da rawar takawa. Na farko taki. Sifirulina na buƙatar sinadarin da ke cikin yuriya, takin da aka taƙaita shigarsa jihar saboda tsoron a haɗa bam da shi. Dole a tsara yadda ƙungiyoyin manoma masu rajista za su riƙa samunsa ƙarƙashin sa ido. Na biyu ruwa, domin buɗaɗɗen tafki na shanyewa a bazara, don haka a kafa shi inda rijiyar burtsatse ta wadata, ba inda mata ke layin ruwan sha ba. Na uku tsabta. Wasu gansakuka masu guba kan cakuɗu da ita, yashi da gurɓataccen ruwa kuma na ɓata ta. Kayan da za a ba yara da masu ciki bai kamata ya fita kasuwa ba sai an gwada shi a ɗakin bincike.

Jami'ar Diffa, wadda aka kafa a 2014 da kulawa ta musamman ga noma da muhalli, ita ce ta fi dacewa da wannan aiki. Ta binciki ruwan kwaruruwan kanwa, ta gwada haɗin da ya dace da kanwar gida, ta horar da ɗalibai. A can ne ƙaramin rufaffen bututu ke da amfani, don adana tsabtataccen iri da za a riƙa raba wa manoma duk lokacin da tafkinsu ya lalace.

Wajibi ne kuma a gaya wa jama'a gaskiya. Sifirulina ƙarin abinci ce da ake ci cokali guda a kunu ko miya. Ba ta maye gurbin gero da wake, ba ta maye gurbin abincin da asibiti ke ba yaron da tamowa ta kama, ba kuma maganin kowace cuta ba ce kamar yadda 'yan talla kan ce. Kafin a haƙa tafki ko ɗaya, a san mai saye: makarantu masu ciyarwa, masu kiwon kifi da kaji, da shagunan Damagaram, Yamai da Kano.

Gwamna da ƙungiyoyin agaji su auna duk wani shiri da tambaya ɗaya: wa zai ci gaba da tafiyar da shi idan tallafi ya ƙare? Idan ƙungiyoyin mata na Diffa da Maine Soroa, har da 'yan gudun hijirar Sayam Forage, za su iya gyara tafkinsu da kansu su sayar da kayansu, a sa kuɗi. Idan kuwa sai an jira injiniya daga Turai, a bar kuɗin ga rijiyoyi da irin tattasai.