Daga Gawayin Cirozerin Zuwa Wutar Rana: Darasin Farfesa Abdu Mumuni

Ran 5 ga watan Disamba na shekara ta 2022, masana kimiyya na ɗakin binciken Livermore, a ƙasar Amurka, suka cim ma abin da aka daɗe ana nema: suka haɗe ƙwayoyin zarra na haidirojin, har ƙarfin da ya fito, kimanin megajul 3, ya zarce megajul 2 da hasken leza ya zuba. Labari ya game duniya. To, ina ruwan mutumin Cirozerin da wannan al'amari?

Ruwansa kuwa babba ne, domin garin nan da makamashi yake ci. An kafa kamfanin SONICHAR a shekara ta 1975, kuma tun farkon shekarun 1980 ake ƙona gawayin da ake haƙowa a Anu Araren, a sami lantarkin da ke tafiyar da ayyukan yuraniyom na Arlit, ya kuma haskaka Agadas. Shi kuwa yuraniyom, ƙetare ake kai shi, a fasa ƙwayoyinsa, a ba manyan birane wuta. Amma ma'adini ba ya haihuwa. Ran 31 ga watan Maris na 2021, kamfanin COMINAK na Akokan ya rufe saboda arzikin raminsa ya ƙare, SONICHAR kuwa ya rasa ɗaya daga cikin manyan masu sayen wutarsa. Gawayi ma wata rana zai bi sahu.

Wasu za su ce haɗewar zarra ita ce magani, tun da abincinta daga ruwan teku ake samun wani sashensa, ba ta kuma fitar da hayaƙi. Sai dai a yi hattara. A gwajin Livermore, na'urorin lezar sun sha wutar da ta kai megajul 300. Babban aikin ITER da ake ginawa a Kadarash, kudancin Faransa, wanda ke buƙatar zafin digiri miliyan 150, an sanar a 2024 cewa cikakken gwajinsa sai 2039. Mai jiran wannan tuwo, da yunwa zai kwana.

A nan ne ya kamata a tuna da marigayi Farfesa Abdu Mumuni Joffo, haifaffen Tasawa a 1929, malamin kimiyyar fiziks wanda ya koyar a Dakar da Konakiri da Bamako kafin ya komo gida. Abin da ake fafutukar kunnawa a Kadarash, shi ne ke ci a cikin rana kullum, inda haidirojin ke haɗewa ya zama hiliyom. Wannan murhu da Allah ya rataya bisa Ayar da Azawak, shi malamin ya mai da hankali a kai. Daga 1969 ya shugabanci ma'aikatar makamashin rana ta ONERSOL a Yamai, inda aka ƙera na'urorin ɗumama ruwa da na tace shi da na dafa abinci. Ya riƙe shugabancin jami'ar Yamai daga 1979, ya rasu a 1991, yau kuma jami'ar sunansa take amsawa.

Game da koyarwa, littafinsa kan ilimi a Afirka, wanda ya fito a 1964, ya kafa hujja cewa yaro ya fi fahimta cikin harshen da ya sha a nono, kuma makarantar da ta raba karatu da aikin hannu ba ta biya wa ƙasa buƙata ba.

Lokaci ya gaskata shi. Sa'ad da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agusta na 2023, birane sun kwana cikin duhu, tashar hasken rana ta Goru Banda mai megawat 30 ta zama abin dogaro ga Yamai. Amma faifan da aka sayo daga waje, in babu ɗan ƙasa da ya san sirrinsa, aro ne kawai.

Saboda haka aikin da ke gaban jami'ar Agadas, wadda aka kafa a 2014, a fili yake: ta ɗauki ƴaƴan ma'aikatan Anu Araren, waɗanda suka tashi da ƙugin injin a kunne, ta koya musu kimiyyar rana da hannu da ƙwaƙwalwa, da Tamashek da Hausa in ta kama, tun gawayi bai ƙare ba. Da sanyin safiya ake kama fara.