Tambayar kash ta tsohon madabod ba ɓata lokaci ba ce

Duk mai karatun gyaran kwamfuta, a makaranta ne ko a shagon maigida, zai ci karo da wannan tambaya: ina ake samun kash na mataki na biyu, wato L2? Wani littafin ya ce a kan madabod yake, wani ya ce a cikin furosesa. Ɗalibai da yawa sukan haddace amsa ɗaya su wuce, suna ƙorafin cewa ana wahalar da su da kayan da aka daina amfani da su tun kafin a haife su. A ganina ba haka ba ne. Wanda ya gane dalilin saɓanin littattafan nan biyu zai ci jarrabawa, kuma da wuya mai sayar da waya ya ruɗe shi da manyan lambobi.

Ita furosesa ta fi ram sauri nesa ba kusa ba. In da duk abin da take buƙata sai ta aika ram, da rabin lokacinta a jira zai ƙare. Shi ya sa aka yi kash, wata 'yar ƙaramar ma'ajiya mai saurin gaske da ke riƙe bayanan da ake yawan nema. Kamar mai shayi ne: sukari da madarar da yake aiki da su suna kan tebur, kwalin yana ƙarƙashin benci, sauran kuma suna shagon ɗan kasuwa. Teburin ba ya cin kaya da yawa, amma shi ne ke hana layi taruwa. Ana yin kash da wani nau'in ma'ajiya mai suna SRAM, wanda ya fi ram na yau da kullum sauri da tsada, shi ya sa ba a iya yawaita shi.

A zamanin Intel 386, furosesar ba ta da kash a cikinta. Allon da ke da shi, a jikinsa ake dasa shi. A 1989 aka fito da 486 mai kilobayit 8 a ciki, shi ne L1, sai wanda ke kan allo ya koma L2. Haka aka ci gaba har zamanin Pentium, wanda ya fito a 1993: allunan lokacin sukan zo da kilobayit 256 ko 512, wani lokaci a kan wani ɗan siririn kati mai suna COAST da ake sokawa a raminsa kusa da furosesa. Matsalar ita ce wannan kash da gudun allo yake tafiya, wanda galibi bai wuce megahaz 66 ba, alhali furosesar ta kai 200.

Daga nan aka fara matso da shi kusa. Pentium Pro na 1995 ya sa L2 a ƙunshi ɗaya da furosesa. Pentium II na 1997 ya ɗora kilobayit 512 a cikin kwalin furosesar, yana gudu da rabin saurinta. A 1998 Intel ta fitar da Celeron na farko ba tare da L2 ba don ya yi araha, ya sha suka saboda nawa. A cikin shekarar kuma aka fito da Celeron 300A mai kilobayit 128 kacal, amma a jikin furosesar da cikakken gudunta, ya kuwa kusa kamo Pentium II a ayyuka da dama duk da kash ɗinsa kashi ɗaya cikin huɗu ne. A 1999 AMD ta kawo K6-III mai L2 a ciki, wanda in aka sa shi a allo mai kash, na allon ya zama L3. Ke nan lambar ba sunan wuri ba ce, matsayi ne a layi. Littattafan biyu duk gaskiya suka faɗa, zamani ne ya bambanta.

Akwai darasi na biyu da ya fi wannan muhimmanci ga aljihu. Tsofaffin alluna suna da iyakar ram ɗin da kash zai iya kulawa da shi. Masu amfani da Intel 430TX, alal misali, megabayit 64 kawai suke rufewa. Mutum zai kashe kuɗi ya ƙara ram ya wuce haka, sai wasu ayyukan su rage gudu maimakon su ƙaru. A tsakiyar shekarun 1990 har alluna masu kash na bogi aka sayar: baƙar roba da ƙafafu, babu komai a ciki.

Yanzu ka dubi kwalin waya a Farm Centre ko kowace kasuwar waya. An rubuta ram 8+8, mai shago ya ce maka 16 ne. Takwas ɗin biyu daga ma'ajiyar wayar aka aro su, inda hotuna da bidiyo ke zama, kuma ba ta kama ƙafar ram na gaske a sauri ba. Wanda ya san labarin Celeron 300A ba zai tsaya a kan yawa ba, zai tambayi wane iri ne kuma yaya saurinsa. Haka maɓallin goge kash da ke saitin Android: fayilolin wucin gadi ne na manhajoji yake sharewa, ba ruwansa da kash na furosesa. Yana samar da sarari, amma ba ya mayar da ƙaramar waya babba.

Masu cewa a cire tsofaffin kaya daga manhajar karatu suna da hujja. Babu amfanin sa ɗalibi haddace sunayen ramukan da ba zai taɓa gani a wurin aiki ba. Amma a wayar yau furosesa da kash suna cikin guntu ɗaya da bai fi farce girma ba sosai, ba abin da ido zai nuna. A tsohon allo kuwa kana iya ɗora yatsa a kan furosesa, da kash, da ram, ka ga tazarar da ke tsakaninsu. Malamin da ya ajiye tsohon allon Pentium ɗaya a aji ya fi wanda ya ba da shafi goma na hadda.

Don haka in tambayar ta zo maka a jarrabawa, fara duba wace furosesa ake nufi. In 486 ce ko Pentium na farko, L2 yana kan madabod. In Pentium II ce, yana cikin kwalinta. In kuwa ta yau ce, ta kwamfuta ko ta waya, yana jikin furosesar kanta.